Kafin Katafila ta Iso: Darasi daga Kangayen Detroit

A watan Janairun 1988 jirgin fasinja na ƙarshe ya tashi daga babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin Detroit, a jihar Michigan ta Amurka, aka ja ƙofa aka rufe. Gini ne mai hawa 18 da aka buɗe a ƙarshen 1913, lokacin da garin ke tashen kuɗin ƙera motoci. Zauren jiran fasinjansa kaɗai abin kallo ne, da manyan ginshiƙai da rufi mai bakan gizo. Da aka rufe, ɓarayi suka shiga suka zare wayoyin tagulla, suka ɓamɓare duwatsun ado, aka farfasa gilasan tagogi, ruwa ya cika ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. A 2009 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar a rushe shi, Allah bai nufa ba. A waɗannan shekaru na lalacewa ne kuwa tashar ta fi yin suna a duniya, domin masu ɗaukar hoto sun yi ta zuwa daga nesa da kusa, har da wuya a sami kangon da aka fi ɗauka hoto a duk faɗin Amurka. A 2018 kamfanin Ford ya saye ta. Aka shekara shida ana gyara, ana duba tsofaffin zane-zane da hotuna don a mayar da kowane ado yadda yake, har aka sake buɗe ma'aikatar fasa dutse ta jihar Indiana inda aka samo dutsen ginin tun farko. Wani da ya taɓa ɗauke agogon tashar ya dawo da shi a ɓoye. A watan Yunin 2024 aka sake buɗe ta ga jama'a, bayan shekara 36.

Wannan labari mai daɗi ne, amma ba shi kaɗai ne ya sa nake so mutanen Kaduna su dubi Detroit ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne gardamar da ta tashi a garin a kan hotunan kansu: wa ke ɗauka, me yake nunawa, me yake ɓoyewa, kuma wa hoton ke amfana. Gardamar tana tafe gare mu, tunda yanzu kowane saurayi da budurwa na yawo da kyamara a aljihu, kuma tsofaffin gine-ginen garin gwamna suna ta raguwa.

A 1950 mutanen Detroit sun haura miliyan 1.8. Da masana'antu suka yi ta ƙaura, masu hali suka koma unguwannin bayan gari, ƙidayar 2010 ta sami mutum wajen 714,000. A Yulin 2013 birnin ya je kotu ya ce ya kasa biyan bashin da ya kai kimanin dala biliyan 18. Makarantu da coci-coci da gidajen sinima da dubban gidajen zama suka zama kango. Wani ƙasaitaccen gidan kallo da aka gina a 1926 aka mayar da cikinsa wurin ajiye motoci, ga adon rufin yana nan a sama, ga motoci a ƙasa.

Wasu matasan Faransa biyu, Yves Marchand da Romain Meffre, suka fara zuwa garin a 2005, suka fitar da littafin hotunan kangayensa a 2010. Wanda duk ya ga hotunan nan zai yarda suna da kyau, kyau mai sa jiki ya yi sanyi. Haske na shigowa ta rufin da ya rufta yana sauka a kan kujerun da ƙura ta lulluɓe. Fenti ya tattare yana zubowa. Littattafai sun zube a ɗakin karatu. Ba na cikin masu cewa ganin kyau a irin wannan wuri laifi ne. Ɗalibin da ya karanta waƙoƙin Larabawan jahiliyya a zaure ya san mawaƙi yakan fara ne da tsayawa a kufan waɗanda suka tashi, yana duban wurin murhu da sawun da iska ta share. Tsayawa a gaban kango a yi tunani tsohon hali ne na ɗan Adam, kuma mu Musulmi an hore mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu ga yadda ƙarshen na gabanmu ya kasance.

Amma mazauna Detroit da yawa sun ji haushin irin waɗannan hotuna, kuma suna da hujja. Garin da ake nunawa kamar an yi annoba kowa ya mutu, a lokacin akwai mutum dubu ɗari bakwai a cikinsa, akasarinsu baƙaƙen fata, suna kai yara makaranta, suna buɗe shago, suna binne mamatansu. Baƙo zai sauka daga jirgi, ya yi kwana biyu, ya tsallaka katanga, ya jira har mai wucewa ya wuce kafin ya danna, don kada mutum ya ɓata masa hoto. Ya koma garinsu ya rataye a bango ya sayar da tsada. Hoton bai ce wane titi ne ba, bai ce wa ya yi aiki a wurin ba, bai tambayi dalilin rufewar ba. Wahalar mutane ta zama ado a falon wasu. Har suna mai muni mutanen garin suka laƙaba wa wannan sana'a, suna haɗa ta da hotunan batsa, saboda kallo ne na sha'awa da babu tausayi ko sanayya a ciki.

Akwai wani mutum da ya bi wata hanya dabam, kuma shi ne malaminmu a wannan darasi. Camilo José Vergara ɗan ƙasar Chile ne, an haife shi a 1944, ya je Amurka karatu ya zauna. Daga farkon shekarun 1970 ya fara ɗaukar hotunan unguwannin talakawa a New York, daga baya ya haɗa da Detroit da Chicago da Camden da Los Angeles. Dabararsa ba ta da wuya, haƙuri kawai take ci. Yakan tsaya a wuri ɗaya, ya fuskanci gini ɗaya, ya ɗauka, ya rubuta lambar gidan da sunan titi da shekara. Bayan shekara ɗaya ko biyu ko biyar ya dawo ya tsaya a daidai inda ya tsaya, ya sake ɗauka. Akwai wani shago a titi na 125 a unguwar Harlem da ya fara ɗauka a 1977, ya yi ta komawa shekaru da dama. In ka jera hotunan sai ka ga shagon yana sauya hannu, yana sauya launi, ana raba shi biyu, ana sauya ƙofa, sana'a na zuwa tana wucewa. Hoto ɗaya a cikinsu ba zai burge kowa ba. Jerinsu kuwa tarihin unguwa ne da babu marubucin da zai iya rubuta shi haka. Yana kuma tsayawa ya yi magana da mutanen wurin, ya rubuta abin da suka gaya masa. A 2013 Shugaba Obama ya ba shi lambar girmamawa ta ƙasa, kuma babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya karɓi taskar hotunansa don adanawa.

Shi ma bai tsira daga tuntuɓe ba. A 1995 ya ba da shawarar a ware wasu dogayen benaye na tsakiyar Detroit a bar su a kango, su zama wurin ziyara. Mutanen garin suka yi masa ca, don su gyara suke nema da aikin yi. Wannan ya nuna ko mai kyakkyawar niyya, in ya daɗe yana kallon kango ta cikin kyamara, yana iya mantawa cewa wasu a gefensa suke kwana.

To, mu dawo gida. Kaduna ba Detroit ba ce, kuma dole a faɗi bambancin don kada a ɗauki darasin a karkace. Detroit raguwa ta yi, Kaduna kuwa ƙaruwa take kullum, ta cinye Kawo da Mando da Rigasa, tana neman ƙari. Rufewar masana'antu mun san ta, amma akasarin wannan raunin yana ƙetaren kogi, a Kakuri, inda masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, sauran suka bi ta. Arewacin kogi kuwa wurin mulki ne tun da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, kuma tsufan gine-ginensa yana da nasa dalilin. An gina su ne don gwamnatin da ke mulkin Arewa gaba ɗaya. A 1967 aka yanka Jihar Arewa gida shida, a 1987 aka cire Katsina daga Jihar Kaduna, a 1991 gwamnatin tarayya ta tare a Abuja, manyan ofisoshi da manyan mutane suka bi ta. Abin da gwamnatin Sardauna ta bari, wani ya koma hannun jiha, wani hannun tarayya, wani kuma ya zama na jihohin Arewa 19 a haɗe. Ya zama tamkar gidan gado mai magada da yawa, kowa na da rabo a ciki, babu mai hawa ya gyara indararo.

Bambanci na biyu ya fi muhimmanci ga mai kyamara. A Detroit kango yakan shekara talatin yana jiran mai hoto, don filin ba shi da daraja. A Unguwar Rimi ko Malali ko bakin titin Ahmadu Bello fili zinariya ne. Tsohon gidan ma'aikaci mai faffaɗar baranda da dogon rufi da itatuwan mangwaro a tsakar gida, yau kana ganinsa, wata mai zuwa an kewaye shi da kwano, kafin shekara ta zagayo an sare itatuwan an dasa rukunin shaguna ko gidaje shida a inda ɗaya yake. Lokacin da muke da shi gajere ne ƙwarai.

Otal ɗin Durbar ya isa misali. An gina shi ne don bikin FESTAC na 1977, lokacin da Kaduna ta karɓi baƙuncin gagarumin hawan daba da sarakunan Arewa suka yi wa baƙin duniya. Ya yi zamaninsa, sannan ya shiga rigimar mallaka, ya daɗe a rufe yana lalacewa a tsakiyar gari, kowa na wucewa yana ganinsa. A watan Janairun 2020 gwamnatin jiha ta sa aka rushe shi, tana cewa ya zama maɓoyar ɓata-gari, iyalan marigayi Janar Sani Abacha kuma suka garzaya kotu. Shari'ar mallaka ta alƙalai ce, ba ita nake magana a kai ba. Tambayata ita ce, a duk shekarun da ginin ya yi a tsaye, mu nawa ne muka tsaya muka ɗauke shi da kyau, gaba da baya da ciki, muka nemi tsofaffin ma'aikatansa suka nuna mana inda aka sauki wane da wane? Yaron da aka haifa a Kaduna bayan 2020 zai ji ana kwatance da Durbar, kuma yana da haƙƙin ya ga abin da ake nufi.

Kada kuma wani ya ce doka za ta tsare abin da ya cancanta. A 1956 aka sa gadar Lugga, wadda aka ɗauko daga Zungeru aka kafa a lambun Ƙofar Gamji, cikin kayan tarihin ƙasa. A shekarar ce aka ba wani tsohon gini na Legas mai suna Ilojo Bar irin wannan matsayi. Gini ne irin na 'yantattun bayin da suka dawo daga Brazil, ya haura shekara 150. A watan Satumban 2016, ana jajiberin Babbar Sallah, aka wayi gari katafila ta baje shi. Takardar gwamnati ba ta hana ba. Abin da ya rage na Ilojo Bar yau shi ne hotuna da zanen awon da aka yi masa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai gine-ginen da ba na jin tsoro a kansu sosai, don idon jama'a na kansu. Zauren Lugga mai kubba, inda majalisar dokokin Arewa da ta sarakuna suka zauna, majalisar jiha na cikinsa. Gidan Sardauna, inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairu, 1966, ya zama Arewa House, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Tsohuwar hedikwatar jam'iyyar NPC a titin Ali Akilu ta zama gidan tarihi a 1975. Masallacin Sultan Bello kullum cike yake. Fargabata tana kan waɗanda ba su da mai tsaya musu: otal ɗin Hamdala da ya daɗe da wuce lokacin tashensa, ginin jaridar New Nigerian da ta fara fitowa ranar 1 ga Janairu, 1966, kwana 14 kafin juyin mulki, tsofaffin kantunan kamfanonin Turawa da na Kwara, gidajen ma'aikatan reluwe da ƙananan gine-ginen bakin tsohon layin dogo, waɗanda hankali ya ƙara barinsu tun da aka buɗe tashar Rigasa a 2016. Sai kuma gidajen haya na tsakiyar gari, a titunan da aka raɗa wa sunayen garuruwa, Kano da Katsina da Legas da Ibadan da Abeokuta, inda Bahaushe da Bayarabe da Banufe da Inyamuri suka yi zaman ɗaki da ɗaki suna ɗiban ruwa a famfo ɗaya. Bayan rikicin 2000 da na 2002 mutane da yawa sun tashi, wasu suka haye kudu, wasu suka dawo arewa, kogi ya zama iyaka. Waɗannan gidaje shaida ne cewa an taɓa zama a cakuɗe, kuma a ganina sun fi wasu manyan ofisoshi cancantar a adana kamanninsu.

Kyau kuwa yana nan ga mai ido. Ka fita da hantsi a cikin hunturu, lokacin da ƙura ta tace hasken rana, ka dubi tsohon rufin kwano da tsatsa ta mayar ja, ka ga yadda yake zama a kan bangon da farar ƙasarsa ta koma ruwan toka. Ka dawo da damina bayan an ɗauke ruwa, gansakuka ta yi kore a gindin bango, cediya ta tsiro a tsagar siminti tana tura saiwa. Benayen shekarun 1960 suna da wata hikima da magina na yanzu suka yar: bulo mai huda-huda da ke shigo da iska ya tare rana, baranda mai zurfi, tagogi ta ɓangare biyu don iska ta ratsa. An gina su ne don su yi sanyi ko babu lantarki. Da la'asar sakaliya inuwar bulon nan takan zana ado a ƙasa. Ɗalibin zanen gini da ya ɗauki wannan da kyau ya sami karatun da zai amfane shi a garin da wuta ba ta tsayawa.

Sai dai kangon Kaduna da wuya ka same shi babu kowa. Akwai maigadi da iyalinsa a ɗakunan baya, an shanya wanki a baranda, an shuka masara da kuɓewa inda furanni suke a da. Akwai bakanike a gindin bishiya, mai shayi ya jingina teburinsa da katanga, almajirai na fakewa in hadari ya taso. Wanda ya jira duk suka kauce sannan ya danna, ya maimaita kuskuren baƙin Detroit, kuma hotonsa ya yi ƙarya. Wanda kuma ya ɗauke su ba da izininsu ba ya watsa a Facebook, ya ci mutuncinsu. Hanya ita ce wadda iyayenmu suka koya mana. Ka yi sallama, ka gaisa, ka ce, "Baba, ni ɗan garin nan ne, ina son tarihin gidan nan ne." Zai tambaye ka, "Wa ya aiko ka? Rushewa za a yi?" Tambaya ce ta mutumin da ya ga jan fenti a bangon maƙwabta, kuma ya cancanci amsa ta gaskiya. In ya yarda, ka zauna ka saurara, don sau da yawa shi ne ya san wanda ya fara zama a gidan, da shekarar da rufin ya fara yoyo, da ranar da aka ɗauke mita. In matan gida ba sa so, ka juya kyamara. In ka wanke hoton, ka kawo masa nasa.

Wani zai ce ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro, wa ke ta tsohon bango? Wani kuma zai ce kayan Turawan mulkin mallaka ne, su tafi mana. Na farko ina ba shi amsa da cewa aikin nan ba ya cin kuɗin kowa, wayar da ke hannunka ta isa. Na biyu kuwa ina tuna masa cewa Bature zane ya yi ya ba da umarni. Waɗanda suka haƙa tushe, suka ɗauki dutse a ka, suka kwaɓa siminti, kakanninmu ne, Gbagyi masu ƙasar da Hausawa da Nufawa da sauran waɗanda aikin dogo da na bariki ya jawo. Kuma mafi yawan abin da nake magana a kai an gina shi ne bayan mulki ya dawo hannun 'yan ƙasa, da kuɗin gyaɗa da auduga da harajin talakawan Arewa. Ban ce kuma kada a rushe komai ba. Gari mai rai dole ya sauya, kuma duk wanda ya sha cunkoson Kawo a da ya san amfanin sabuwar gada. Abin da nake cewa shi ne a ɗauki hoto kafin a rushe.

A nan hukuma na da nata darasin, kuma daga Paris yake. Tsakanin 1853 da 1870 Baron Haussmann ya rushe unguwanni masu yawa na tsohon birnin ya shimfiɗa manyan tituna, aikin da har yau ake gardama a kansa. Amma hukumar birnin da ke rusau ita ce ta ɗauki mai hoto, Charles Marville, ta sa shi ya bi lungunan da aka yi wa alama ya ɗauke su tun suna tsaye. Ya bar hotuna sama da 400 na waɗannan tituna, kuma da su ake sanin Paris ta da. Hukumar gyaran birnin Glasgow ta yi haka da Thomas Annan daga 1868. Wannan fa a zamanin da kyamara akwati ce mai ƙafa uku, ana ɗaukar hoto a kan faifan gilashi. Shirin sabunta birnin Kaduna da aka ƙaddamar a 2019 ya faɗaɗa tituna, ya sauya kasuwanni, ya taɓa gine-gine da yawa. Duk gwamnatin da za ta ci gaba da irin wannan aiki ya kamata ta sa albashin mai hoto a cikin kuɗin kwangila. Hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA, kuma tana iya sa sharaɗi mai sauƙi: duk mai neman izinin rushe ginin da ya haura shekara 40 ya kawo hotunansa na ciki da waje da awon ɗakunansa kafin a sa masa hannu. Garin nan ya taɓa sanin darajar irin wannan rubutu. Binciken da Max Lock da abokan aikinsa suka wallafa a 1967, wanda ya dubi Kaduna daga 1917 ya hango ta har 2017, har yau masu nazarin garin na komawa gare shi.

Hoton da ba a adana ba kuwa bai daɗe ba. Waya na faɗawa ruwa, ana sace ta, ana rufe shafi a intanet, shekara goma ta tafi a dare ɗaya. Vergara ya amfani mutane ne saboda ya rubuta adireshi da shekara a kan kowane hoto, kuma taskarsa ta shiga inda ake adana takardu. Mu ma muna da wuraren, kuma duk a wannan ɓangaren kogi suke: Arewa House, da ofishin adana takardun tarihi na ƙasa da ke titin Yakubu Gowon, da gidan tarihi. Ya kamata su buɗe ƙofa su karɓi hotunan jama'a, su kuma nemo na masu hoton New Nigerian da na tsohuwar ma'aikatar watsa labarai ta Arewa, da na tsofaffin shagunan hoto na cikin gari, a kwafe su a kwamfuta tun ba su ruɓe ba. Malaman zanen gine-gine da tsara birane a Kaduna Polytechnic da Jami'ar Jihar Kaduna da ta Zariya suna iya raba wa ɗalibai tituna, kowane aji ya ɗauki nasa, aji mai biye ya koma ya tsaya a inda na gaba ya tsaya.

Kalma ɗaya ta kashedi. Arewacin Kaduna cike yake da barikin soja da ofisoshin tsaro, daga Kawo zuwa Mando zuwa tsohuwar makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA. Kada ka ɗaga waya a kusa da su. Kada ka tsallaka katangar kowa, kada ka hau benen da dakalinsa ya tsage, kada ka shiga kango kai kaɗai. In unguwa ce, fara da mai unguwa.

Kai mai karatu da ke zaune a Unguwar Sarki ko Unguwar Shanu ko Kabala ko Badarawa ko Tudun Wada, ba sai ka jira hukuma ba. Zaɓi gini ɗaya da ka sani, ko makarantar firamaren da ka yi, ko gidan da aka haife ka, ko shagon telan da ya ɗinka maka kayan sallar farko. Je ka nemi izini, ka tsaya a tsallaken titi inda ginin zai fito gaba ɗaya da maƙwabtansa, ka ɗauka. Rubuta sunan titi da lambar gida da kwanan wata da abin da dattawan wurin suka gaya maka. Wanke kwafi biyu a takarda, ka ajiye ɗaya, ka kai ɗaya Arewa House. In Allah ya kai mu baɗi, ka koma ka tsaya a wurin ka sake ɗauka, ko ginin na nan ko ba ya nan.